Ɗan Farin Honora Tierney

A shekarar 1977 cocin garin Marlbrook da ke Tasmania ya cika shekara ɗari da ashirin da biyar, sai dattawan coci suka yanke shawarar a kafa allon tagulla a jikin bango, a zana sunayen gidajen da suka fara sare dajin wurin, da shekarar zuwan kowa, da jirgin ruwan da ya kawo shi. Gidan Pegler na cikinsu, wannan ba mai musu. Da aka nemi wanda zai kawo bayanin gidan, nauyin ya faɗo kan Merle, don ita ce mai sauran haƙuri da takarda.

Merle jinin Pegler ce, ko da yake sunan mijinta Hanlon take amsawa. Shekararta hamsin da uku, mijin ya rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'yanta biyu sun tsallaka teku neman aiki. Ba ta da wata hidima sai ta gwaggonta Ida, yayar mahaifinta, tsohuwa mai shekara tamanin da shida wadda ba ta taɓa aure ba, tana zaune ita kaɗai a tsohon gidan dutse na bayan maƙera.

Labarin gidan kowa ya haddace shi. Josiah Pegler maƙeri ne, ya zo daga Ingila da ƙafarsa da kayan aikinsa. Matarsa Honora Tierney ta zo daga Ireland a jirgin Arabella, tana yi wa matar kyaftin hidima. Haka ake faɗa. Tasmania kuwa tsibiri ne da Ingila ta yi shekara hamsin tana juye masa fursunoninta, amma a wancan zamani ka tambayi kowa, sai ya ce maka kakansa da kuɗin aljihunsa ya shigo jirgi.

Ran da Merle ta ce za ta gidan ajiyar tsofaffin takardu da ke birnin Hobart, don ta tabbatar da shekarun, yayanta Clarrie yana nan a madafar Gwaggo Ida yana shan shayi. Mai sausayar tumaki ne, bayansa ya lanƙwashe saboda aikin, bakinsa kuwa bai taɓa lanƙwasa ba.

Ya ce, "Ke dai Merle ba ki da aikin yi. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Kar ki je ki kwaso mana ɓarawon doki."

Ta ce, "In ma na kwaso, Yaya, ai sai a ce an gano wanda ka gado."

Gwaggo Ida ba ta yi dariya ba. Tana shafa man shanu a burodi, ba ta ɗago ba ta ce, "Ki rubuta na Josiah kawai. Mace ba ta bukatar jirgi."

Merle ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ranar Talata ta hau motar safe.

Wadda ke kula da ɗakin karatu wata siririyar mace ce mai gilashi, Misis Eastoe. Na Josiah bai ba su wuya ba: ga sunansa cikin fasinjoji masu 'yanci, shekarar 1844, maƙeri. Merle ta ji daɗi, ta kwafe. Sannan ta ce, "Saura matarsa. Ta zo a Arabella, tana aiki wa matar kyaftin."

Misis Eastoe ta cire gilashinta ta goge, ta daɗe tana gogewa. Ta ce, "Misis Hanlon, kin ci wani abu yau? Akwai wurin shayi a tsallaken titi. Ba na son mutum ya buɗe littafin nan da yunwa."

"Wane irin littafi ne?"

"Arabella sau ɗaya ta zo nan, a 1848. Mata ɗari da saba'in ta kawo, kuma ba wadda aka tambaya ko tana son zuwa."

Merle ta ce a kawo. Aka ajiye mata wani ƙaton littafi mai bangon fata, yana warin tsohon sito. Shafin Honora na tsakiya. Shekara ashirin da ɗaya. Tsawo ƙafa huɗu da inci goma sha ɗaya, ido ruwan toka, tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Ba ta karatu, ba ta rubutu. Laifinta satar mayafin ulu a kasuwa, a shekarar da yunwa ke kashe mutanen ƙasarsu a bakin hanya. Hukunci, a kore ta daga ƙasa shekara bakwai.

Da farko dariya ce ta kuɓuce wa Merle, don ta tuna Clarrie da ɓarawon dokinsa. Ta ci gaba da karantawa, dariyar ta tsaya. An miƙa Honora ga wani mai gona can cikin ƙasa ta yi masa aiki. Sau uku ta gudu. Sau uku ana kama ta a hanya ɗaya, hanyar Hobart, tana tafe a ƙasa. Na farko aka ba ta kwana goma a ɗakin duhu, burodi da ruwa. Na biyu aka aske mata kai. Na uku wata shida tana wankin kayan sojoji.

Merle ta ce, "Me take nema a Hobart? Ai nan ne kurkukun yake. Wa ke gudu ya nufi kurkuku?"

Misis Eastoe ta ɗora yatsa a gefen shafin, inda aka yi wani ɗan ƙaramin rubutu da tawadar da ta koɗe: ɗa ɗaya tare da ita a jirgi, namiji, wata goma sha ɗaya, Malachy.

"In yaro ya kai yaye, karɓe shi ake yi a kai gidan marayu, uwar a tura ta aiki. Gidan marayun yana nan gefen gari."

Merle ta sake duban sunan. Ta san sunayen 'ya'yan Honora bakwai, suna rubuce a bangon Littafi Mai Tsarki na gidansu. Babu Malachy a ciki.

Da ta koma gida ta ce wa Gwaggo Ida ba a gama dubawa ba. Tsohuwar ta kalle ta, ba ta tambayi komai ba.

Daga nan kowace Talata Merle na cikin motar safe. Ta bi littafin shigar yara na gidan marayu daga farko har ƙarshe, babu Malachy Tierney. Ta bi littafin mutuwa, inda wata shekarar ƙyanda ta kwashe yara har shafi ya cika aka juya baya, nan ma babu shi. Abin da ta samu sai wata takarda ta 1853, shekara guda bayan auren Honora da Josiah. Honora ta zo da mijinta neman ɗanta, tana da gida yanzu, tana da mai ciyar da shi. An dangwala alamar gicciye a wurin sa hannunta. A ƙasa wani ya rubuta: an duba, ba yaro mai wannan suna, wataƙila ya mutu.

A Talata ta bakwai Merle ta rufe littafin ta ce ta haƙura. Misis Eastoe ta ce, "Ki daina bin suna. Magatakardan nan Ingilishi ne, matan kuwa rabinsu harshen ƙauyensu suke yi, abin da kunne ya ji shi hannu ke rubutawa. Bi jirgi. Gefen kowane yaro an sa jirgin uwarsa."

Ta sake farawa, wannan karon idonta a layin ƙarshe. Yara tara ne na Arabella. Takwas ta gano iyayensu. Na taran an rubuta shi Michael Turney, ɗan shekara biyu, kuma a duk matan Arabella babu mai suna Turney.

Bai mutu ba. Ranar da uwarsa ta tsaya a ƙofa ana ce mata babu shi, yana cikin gidan, ɗan shekara shida. Da ya kai sha biyu aka ba da shi ga wata gonar tumaki mai suna Glen Orra, ya koyi kiwo. Bayan wannan sai takarda ɗaya tak ta rage: 1912, gidan gajiyayyu na garin Launceston, Michael Turney, makiyayi, shekara sittin da biyar, bai yi aure ba, dangi ba a sani ba.

Merle ba ta iya tunkarar Gwaggo ita kaɗai ba, sai ta fara zuwa wurin Clarrie. Ta same shi a rumfa yana wasa almakashin sausaya. Ya fara tsokanarta tun daga nesa, "To, 'yar jarida, doki nawa aka ce mun sata?"

Ta ba shi labarin mayafin, ya yi dariya har da tari. "Mayafi! Duk girman kan gidan Pegler, ashe a kan mayafi ɗaya aka gina shi." Ta ci gaba. Da ta kai Glen Orra da sunan Turney, ya ajiye almakashin a hankali.

"Sake faɗa."

"Michael Turney."

"Merle, akwai wani kango a tudun bayan Glen Orra, makiyaya na kiransa bukkar Turney. Na fi shekara ashirin ina cin abincin ranata a jikin bangonsa in mun je sausaya. Ban taɓa tambayar ko wane ne Turney ba." Ya share baki da bayan hannu. "Mil goma sha huɗu ne daga nan. Da ƙafa ma kafin rana ta yi tsaka ka isa."

Washegari da hantsi suka je tare. Gwaggo Ida na zaune kusa da murhu, bargo a gwiwa. Merle ta jawo kujera, ta rasa ta inda za ta fara, sai tsohuwar ta riga ta.

"Kin gano ta."

"Na gano ta, Gwaggo."

"Tabon hannunta yana ciki? Tukunyar wanki ce ta ƙona ta tun tana yarinya. Tana ba ni in taɓa."

Clarrie ya ce, "Au, dama kin sani? Shekara da shekaru kina cika mana kunne da matar kyaftin?"

"Rufe mini baki, Clarrie. Kai ka san abin da ake yi wa yaro a makaranta a zamaninmu in aka ji kakarsa da sarƙa ta zo? Uwarmu ce ta ƙirƙiro matar kyaftin, mu kuwa muka riƙe."

Ta kalli wuta, sannan ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce Kaka Honora a wannan madafar ta ƙare rayuwarta. In fasto ko wasu baƙin kirki sun zo, aikin Ida ne ta zauna da ita a nan, ta rufe ƙofa, don tsohuwar in ta ga baƙon ido sai ta tambaye shi ko daga Hobart yake, ko ya taɓa jin wani Malachy. Ba ta taɓa yarda ya mutu ba. Cewa take, wanda ya mutu yana da kabari, a nuna mata.

"Ina da shekara sha biyu, na fi kowa kyan rubutu a ajinmu. Ran nan ta kama hannuna ta ce, Ida, rubuta mini wasiƙa zuwa ga hukuma. Tana faɗa ina rubutawa. Ta ce a gaya musu ba rigima take nema ba, ta tsufa, in yana raye a ce masa uwarsa ba ta yar da shi ba, karɓe shi aka yi. In ya mutu a faɗa mata wurin. Ta ciro kwabon kan sarki daga ƙullin zanenta ta ba ni."

Merle ta ce, "Suka ba da amsa?"

"Uwarmu ta gan ni da wasiƙar a bakin ƙofa. Ta karanta, ta jefa a murhun nan. Ta ce in na sake, ita da ni ne. Da na dawo Kaka ta ce, kin kai? Na ce na kai." Ta gyara bargon a gwiwarta. "Kullum in mai kawo wasiƙu ya wuce sai ta ce, Ida, leƙa mini. Ina leƙawa. Ina dawowa in ce ba yau ba, Kaka. Wata goma sha huɗu muna haka, har ta rasu. Kwabon nan alewa na saya da shi."

Can ta ce, "To, faɗa mini. Yana ƙarami ya mutu, ko?"

Merle ta so ta ce e. Kalmar har ta zo bakinta. Ta dubi Clarrie, ya sunkuyar da kai. Sai ta ga cewa ƙarya ta isa haka a madafar nan, ta faɗa mata duka: sunan da aka karkatar, da Glen Orra, da 1912.

Gwaggo Ida ta lissafa da yatsu. "Ya fi ta daɗewa da shekara takwas."

"E."

"Lokacin da na rubuta wasiƙar yana can kan tudu."

"Gwaggo, ko da ta isa, Tierney za su nema, su ce babu, kamar yadda suka ce mata da fari. Ba abin da zai canja."

"Wannan ba ke za ki faɗa ba, 'yar nan. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da na sani, na ce mata na kai."

Ba ta yi kuka ba a ranar. Ta ce wa Merle ta kai wa dattawan coci sunan Honora da jirginta na gaskiya da abin da ya kawo ta. Dattawan suka yi ta kai-kawo, ƙarshe suka yarda da sunan jirgi, suka ce sauran bayanin ba wuri. Sa'an nan Gwaggo Ida ta ce wa Clarrie ya gyara motarsa, tana son ganin tudun.

Sai da sanyi ya ja baya, cikin watan Oktoba, suka tafi. 'Ya'yan tumaki sun cika makiyaya. Mai gonar na yanzu ya buɗe musu ƙyaure, ya ce shi ma ya gaji sunan ne kawai, bai san komai a kan mutumin ba, sai dai kakansa ya taɓa cewa tsohon ba ya son shiga gari, da karnuka ya fi hira. Motar ta hau iya inda za ta iya. Sauran 'yar tazarar Clarrie ya ɗauki gwaggonsa a hannu kamar jaririya, yana nishi.

Ta ce, "In ka yar da ni, na cire ka daga gado."

Ya ce, "Wane gado, Gwaggo? Butar shayin?"

Kangon bai fi ɗaki ɗaya ba. Rufin ya daɗe da tafiya, bango uku sun rage, da murhun dutse wanda baƙin hayaƙi bai gama fita daga jikinsa ba. Wani tsohon itacen tuffa ya karkace a gefe, ya yi fure. Suka shimfiɗa mata bargo a kan dutsen bakin ƙofa, ta zauna tana mai da numfashi.

Merle ce ta fara juyawa ta dubi kwari. Daga bakin ƙofar nan ana hango Marlbrook sarai, ƙanƙane kamar an zuba tsakuwa: hasumiyar coci, da layin itatuwan bakin kogi, da hayaƙin gidaje. Ta yi niyyar ta tsaya a gaban tsohuwar ta tare mata, amma Gwaggo Ida ta riga ta gani.

"Garinmu ne wancan?"

"Shi ne, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya ta fuskanci murhun, ta gyara wuyan rigarta kamar mai gaida babba, ta ce, "Baffa, ni ce Ida, 'yar ƙaninka Tom. Ba ka san ni ba. An ba ni saƙo in kawo maka, na makara." Ta ci gaba. "Ta ce ba ta yar da kai ba. Karɓe ka aka yi. Sau uku ta taho. Sunanka Malachy."

Clarrie ya cire hularsa ya koma bayan bango, Merle tana jin yana fyace hanci. Ita kuwa ta zauna a ƙasa kusa da gwaggonta, ta riƙe mata hannu, suka yi kukansu a hankali, iska na kaɗa ciyawa.

Da rana ta fara zafi suka ci burodi da naman rago mai sanyi, Gwaggo Ida ta sha shayi rabin kofi. A hanyar dawowa barci ya ɗauke ta, kanta a kafaɗar Merle.

Ba ta ƙara fita daga gida ba. Ta rasu cikin watan Maris, da safe, Merle na dama mata kunun alkama. Bayan an yi jana'iza Merle ta je Launceston neman kabarin Malachy. Aka nuna mata wani fili mai ciyawa inda aka binne gajiyayyu ɗaruruwa ba alama, aka ce yana nan ciki, amma ba wanda zai iya cewa ga wurin. Ta zagaya filin sau ɗaya, ta tsaya a tsakiya ta yi masa addu'a, sannan ta gangara tasha don kar motar yamma ta bar ta.